Hoton Ruwan da Ba Shi da Tsallake

Malam, maigidana, ya rasu ina can yawon teku, ban kuwa sani ba sai da motar da ta ɗauko mu daga filin jirgi ta shigo layinmu a unguwar Hashimi ta Suleja, na hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida da takalman maza jere a bakin kwata. Ranar sadakar bakwai ce. Ina riƙe da ledar dabino a cinyata, na kuwa shiga da ita har ɗaki, domin ba wanda ya tuna ya karɓe ta, ni ma ban tuna in ajiye ba.

Ba na zargin kowa. Haka muka tashi muka tarar, ba a gaya wa matafiyi mutuwa sai ya sauka, tun da an riga an rufe gawa kuma ba abin da zai iya daga can sai tashin hankali. Ni kaina na taɓa zama cikin waɗanda suka ɓoye wa wata maƙwabciyarmu rasuwar uwarta tana Makka, muna amsa mata waya muna cewa kowa lafiya. A lokacin gani nake taimako muka yi mata. Har yanzu ban ce ba taimako ba ne.

Ɗan farina ne ya shirya tafiyar. Yana aiki a Dubai, ya ce tun da na yi ritaya daga koyarwa, mahaifinsa kuma ya ajiye tuƙin ma'aikata tsakanin Suleja da Abuja, mu zo ya shiga da mu irin jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa, wanda ake kwana a ciki a wayi gari a wata ƙasa. Malam ya ce shi a kai kasuwa.

"Mota in ta lalace sai a tura ta gefen titi," in ji shi. "Jirgin ruwa fa, gefen ina za a tura shi?"

Na ce tsoro ne kawai, ya faɗi gaskiya. Ya ce ya ji, tsoron ne, kuma shi ya kawo shi wannan shekarun. Amma ana gobe zan tafi, ina ta fama da zik ɗin akwati, sai ya ce yana da saƙo ɗaya.

"Duk ruwan da na taɓa gani yana da tsallake. Na je Gurara ta Diko, na ga Kogin Kaduna, na ga Neja a Lakwaja. In ka ƙura ido sai ka hango wani a can yana wanki. Ki ɗauko min hoton wanda ba shi da tsallake."

Na ce wato a kai ni bangon duniya in ɗauko masa hoton babu. Ya ce eh, shi yake so. Abin da ya roƙa ke nan, ba agogo ba, ba turare ba. Abin da ya tsaya min a rai kuma tun ranar da na ga tabarmin nan shi ne ko hoton ya isa idonsa.

Ni ba gwanar hoto ba ce. Yaron ne ya nuna min inda ake dannawa, kuma kusan duk hotunan farko akwai ɗan yatsana a gefe. Amma na ɗauka, kamar wadda aka ba aiki. Na ɗauki jirgin tun daga ƙasa, bene a kan bene har wuyana ya ƙage. Na ɗauki manyan ƙarafan da ke ɗaga kwantena a tasha, da teburin abinci mai tsawon layinmu, da wata tsohuwar Baturiya da ta kwanta a rana da gangan. Malam ba ya rubutu a waya, ya ce yatsunsa na sitiyari ne, saƙon murya yake turowa. Da ya ga jirgin ya ce wannan ai sakatariyar gwamnati ce aka ɗora wa ruwa. Da ya ga abincin ya ce duk wannan hayaniya ba tuwo, Allah ya ƙara. Baturiyar kuwa cewa ya yi a tambaye ta ko tana son musanya, ga ranar Suleja nan kyauta.

Intanet a cikin jirgin tsada gare shi, don haka sai mun tsaya a tasha nake tura abin da na tara. Akwai yinin da ba mu tsaya ko'ina ba. Na fito bayan sallar asuba, gari ya fara haske, na duba gabas na duba yamma, babu ƙasa, babu tsuntsu, babu ko kwalekwale. Iska na fizgar mayafina, hannu ɗaya na riƙe ƙarfe, ɗayan na ɗaga waya na danna sau ɗaya. Ban ko duba yadda ya fito ba, na koma ciki don sanyi. Washegari da safe muka sauka Maskat, na haɗa shi da sauran na tura.

Amsa ba ta zo ba sai yamma, kuma ba murya ba ce. Alamar babban yatsa ce guda ɗaya.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce wa yaron, ka ga halin mahaifinka ko, ya sa ni tsayuwa a iska kamar tuta, ko sannu babu. Ya juya ya ci gaba da kallon ruwa. A ranar ne wajen la'asar, muna cikin kasuwar masu turaren wuta, aka kira shi ya matsa can bayan wani shago ya daɗe. Da ya dawo ya sa baƙin gilashi, ya ce hayaƙin ne ke damun idonsa. Ɗan fari ne, tsakanina da shi akwai kunya, ko sunansa ba na kamawa, balle in tsare shi da tambaya. Na ce ya wanke fuska in mun koma, na ci gaba da taya hular da nake son saya wa Malam.

Daga ranar shi ya karɓi wayar ya zama mai ɗaukata. A gaban farin masallaci, a bakin tashar Doha inda jiragen katako ke jere, a ƙarƙashin dogayen benaye masu gilashi. "Mama, ɗan matsa dama. Mama, ɗan yi murmushi." Ina ta yi. Shi kuwa ya daina shiga hoto, in na ce ya zo mu tsaya tare sai ya ce wa zai riƙe wayar. Kowace tasha ina turawa, kowace yamma babban yatsan nan na zuwa. In na kira, autata ce ke ɗauka, wadda take zaune da mu tana aiki a Abuja. Yau Baba ya tafi masallaci, gobe ya je ɗaurin aure Garam ya bar wayar a caji, jibi ya kwanta da wuri. Na ce ta gaya masa na gode da yatsa, in na dawo zan ba shi nawa.

Daren ƙarshe akwai liyafar da kowa ke caɓa ado. Na sa leshina mai ruwan zuma, na ɗaura gwaggwaro, na zuba sarƙa da awarwaro, na sa kwalli da jan baki, na shafa humra har wata Ba'indiya ta tambaye ni sunan turaren. Mai hoton jirgin ya ɗauke ni a gindin matakala, ya wanko shi a takarda mai kauri. Ban taɓa yin kyau a hoto kamar wannan ba. A lokacin ina cikin takaba, kwanaki sun riga sun fara tafiya, ni ce kawai ban sani ba. Daga baya limamin unguwa ya aiko a gaya min babu laifi a kan wanda bai sani ba, kuma lissafi daga ranar rasuwa yake farawa. Na ce a ce masa na gode. Hoton yana ƙasan akwati, a kife.

Ban yi kuka ba ranar da na dawo, ban yi washegari ba. Mata suka cika ɗaki suna satar kallona, suna jiran abin da ya kamata, ni kuma ina kallon labulen da aka sauya ba da sanina ba, ina tunanin wa ya zaɓi wannan launi. Masu shigowa sun rasa da wacce za su fara, sannu da hanya ko ya haƙuri, wasu sai su haɗa su biyun a numfashi ɗaya, ni kuma in amsa duka da alhamdulillahi. Yaron ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce ƙanin mahaifinsa ne ya ce kada a gaya min, in yafe masa. Na ce ba komai, na tambaye shi ko an sallami direba. Hular da na sayo aka ba ladan.

Da mutane suka ragu sai ya zama daga ni sai waya. Mai takaba ba ta da wurin zuwa, ni kuma barci ba ya zuwa da rana. Na riƙa bin hotunan ɗaya bayan ɗaya ina raba su gida biyu a raina, waɗanda aka ɗauka yana da rai da waɗanda aka ɗauka yana ƙasa. Masallacin nan, yana ƙasa. Jiragen katako, yana ƙasa. Murmushin nan duka, yana ƙasa. Ina kallonsu kamar hotunan kalandar da ake rabawa a banki, wata mata ce mai kama da ni a wuraren da ba su shafe ni ba. Hoton ruwan ne kawai na kasa sanin gidansa, tun da ban san ko ya gan shi ba, kuma shi kaɗai nake tsallakewa ba na buɗewa.

Na tambayi auta. Ta ce ranar tun duhu ta fita saboda cunkoson Madalla, ta bar shi a kan dardumarsa. Wajen azahar ya yanke jiki ya faɗi yana alwala, kafin ta iso an gama komai. Wayar a aljihun rigarsa aka same ta, ita ce ta buɗe da yamma ta tura yatsan, kamar yadda aka ce ta yi. Alamar nan da ke nuna an buɗe saƙo kuwa tuni Malam ya sa ta kashe masa, don kada 'yan majalisarsu su san ya gani bai amsa ba.

"Mama, wataƙila ya gani," in ji ta.

Na ce wataƙila ba amsa ba ce, na yi shekaru ina jan jan biro a kanta. Ta fita tana share ido, ni ko a jikina. Na san na yi mata tsauri, na kuma san ya kamata in ji wani abu game da hakan, amma ban ji ba.

Sai bayan sabuwar shekara maƙwabciyarmu mai shagon tireda ta dawo. 'Yar ƙabilar Ibo ce, ta daɗe tana haya a gidan da ke kallon namu, kuma washegarin rasuwar ta tafi garinsu Kirsimeti, shi ya sa ba mu haɗu ba. Ta shigo da lemo a leda, ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta yi gaisuwa da Hausarta ta kasuwa. Ta yi ta ba da labarin yadda aka ɗauke shi, abin da na riga na ji sau ba adadi, ina gyaɗa kai ina kallon farcen ƙafarta.

"Kuma Mama, ranar nan da safe fa ya zo shagona," ta ce. "Ya sayi biredi, ya ƙi tafiya. Ya ce Madam, zo ki ga abin da matata ta aiko. Na duba, na ce Baba, ai babu komai a nan, ruwa ne kawai. Ya ce yawwa, shi ne. Mai gyaran janareta ya zo wucewa, ya tare shi, shi ma ya nuna masa."

Na ce, "Ya ce wani abu?"

Ta yi dariya, sai kuma ta kama bakinta, ta tuna inda take. Na ce ta faɗa.

"Ya ce wai kin karkace shi. Ya ce duba, duk ruwan zai zube gefe ɗaya, su jirgin su faɗo Suleja. Ya ce ba zai faɗa a waya ba, sai kin dawo, don ya ga fuskarki."

Na raka ta da ido har ƙofa, na ce ta gaida yara. Sannan na jawo wayar daga ƙarƙashin filo na nemo hoton na buɗe. Ruwa ne toka-toka, sama toka-toka, da layin da ya raba su. Layin kuwa ya gangara hagu sosai, ko makaho ya shafa zai ji. Shekara da shekaru mutumin nan yana neman inda zai kama ni da aikin ganganci, ni mai gyara wa kowa layi a allo, ga shi ya samu, ya kuma adana abinsa yana jira.

"To ai iska ake yi," na ce, da ƙarfi, a ɗakin da ba kowa.

Muryata ce ta karye a ƙarshen maganar. Auta ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya ba ta shigo ba. Na karkata wayar a hankali zuwa dama har ruwan ya daidaita, na riƙe ta a haka, ina kuka, har hannuna ya gaji.