Alalen Iya Romoke Ya Koma Ganye

Iya Romoke ta girma ne a gindin tukunyar alale, a bakin kasuwar Oje ta Ibadan. A zamanin uwarta a ganye ake naɗe alale, mai faɗin nan da ke fitowa a inuwar itatuwan koko. Aduke, wata 'yar ƙauye da ta ɗan girmi Iya Romoke, ita ke ɗauko musu shi a ka. In aka buɗe tukunya, ƙamshi har bakin titi.

Sai leda ta shigo. Ba wanki, ba naɗi, ɗura ki ƙulle. Iya Romoke ta bi yayi, Aduke ta ɗauke ƙafa, uwar kuwa har ta rasu ba ta taɓa kai alalen leda bakinta ba. Kowace damina ledojin da masu saye suka yar sai su toshe kwalbati, ruwa ya cika rumfa, Iya Romoke kuma ta yi ta zagin gwamnati, sai ka ce gwamnati ce ta ci alalen.

Bana ƙungiyar masu abinci ta buɗe zaure a waya. Matan ƙauye su turo hoton ganye, mai so ta yi magana, a yanko daidai buƙata, direba ya kawo. A nan Iya Romoke ta ji wata tsohuwar murya tana cewa in ba a saya ba, 'ya'yanta za su sare ganyen su shuka rogo. Aduke ce. Nan take Iya Romoke ta ce a kawo mata dami biyu.

Ganye ya iso. Ta wanke, ta lanƙwasa, ta zuba ƙullu, ya tsiyaye ta ƙasa. Ta sake, ya sake zubewa. Wannan naɗin shi ne kaɗai gadon da uwarta ta bar mata, ga shi ta bari ya suɓuce.

Da kunya ta yi wa Aduke kiran bidiyo, wadda ita kaɗai ta rage mai kiranta da sunan yarinta.

"Abeni! Wannan furfurar duk taki ce?"

"Ke kuma ina haƙoranki? Anti Aduke, na manta naɗin."

"Ke dai leda ta lalata ki. Daina zare wa ganyen ido. Yaushe kika ga Mama tana kallonsa? Hira take yi. Kin tuna ranar da akuya ta cinye min rabin dami?"

Suka yi ta dariya, suka tuno wane da wance, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Can Iya Romoke ta duba faranti, sai ga shi cike da naɗaɗɗen alale, ko ɗaya bai ɗiga ba. Ashe suna hira hannunta na ta naɗi.

Da ya dahu ta buɗe tukunya, ƙamshin uwarta ya daki fuskarta, kewa ta kama ta har da hawaye. Ta share da bakin zane, ta ɗauki waya.

"Anti, ki ce wa yaran nan su ajiye adda."