Ƙaramin Rumbun Baba

Ni ɗan wani ƙauye ne a gefen Tsarnawa. Sunana ba zai ƙara muku komai ba. Kafin in lalace, da noma aka san ni. Idan ana gayya, sai dattawa su ce wa samari: ku bi bayan wancan in kuna iyawa.

Baba yana da wani gero mai saurin nuna da ya gada wajen kakanmu. Duk kaka, kafin a fara girbi, shi kaɗai yake zaga gona ya zaɓi manyan zangarnu, ya ɗaure, ya sa a ƙaramin rumbu ya rufe. Wannan shi ne iri, ba a buɗe shi sai ruwan shuka ya sauka. Inna ta sha gaya mana cewa a shekarar yunwa, tun kakanmu na da rai, anza suka ci, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, amma ko kallon rumbun ba wanda ya yi.

Wani rani na tafi aikin albasa wajen Malbaza. Ban ruwa tun safe har magariba, baya kamar zai tsinke. Mai shayin wurin ya jefa min rabin tramol a kofi, ya ce, "Sha wanga, ka ga aiki." Na sha, na kuwa ga aiki. Rabi ya zama ɗaya, ɗaya ya daina isata. Da na dawo gida Baba ya dubi idona ya ce, "Mi ka sha? Mu da goro muka noma gonakin ga." Na ce gajiya ce.

Abin da ba a gaya muku shi ne, ƙwayar ba gajiya kaɗai take kashewa ba. Kunya ma tana tafiya, tausayi ya bi ta. Na sayar da wayata, na sayar da akuyar Inna na ce ɓata ta yi. Daga nan idona ya kai kan ƙaramin rumbu. Duk Juma'a in an tafi masallaci, sai in hau in zare dami, in cusa kara a madadinsa, in shimfiɗa zangarnu a sama. Wata mai fura a kasuwar Konni nake kai wa. Har yabawa take, wai ba ta taɓa dakan gero mai kyan wannan ba.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, gari ya tashi da sungumi a kafaɗa. Baba ya hau rumbu, Inna na ƙasa da ƙwarya. Ya zura hannu, ya fito da kara. Ya sake zurawa, kara. Ya daɗe a sama, sannan ya sauko. Bai zage ni ba, bai ma dube ni ba. Ya karɓi ƙwaryar daga hannun Inna ya fita roƙon iri, mutumin da shi ake roƙa a da. Ina tsaye ina kallo. Zan so in ce muku zuciyata ta karaya, amma ƙarya ne. Tunanin inda zan samu ƙwayar yamma nake.

Na bar gida na koma Konni. Na saci buhu, na saci jaki, a ƙarshe na ɗauke moton wani ɗan kabu-kabu, wato babur ɗinsa, a bakin tasha. Jama'a suka rufe ni da duka, jandarma ne suka ƙwace ni. Alƙali ya tura ni kaso. Can na yi ta zufa da kakkarwa har jikina ya haƙura. Can kuma Inna ta zo ta ce, "Babanka ya riga mu." Na ce Allah ya jiƙansa, kamar ana ba ni labarin baƙo.

Da aka sake ni, Inna ta ba ni sauran labarin. Irin da Baba ya tattaro a waccan shekarar ya yi tsawo, amma ruwa ya ɗauke kafin ya cika ido. Bai ƙara rufe ƙaramin rumbu ba har ya rasu. Na bi ƙauyuka har Bazaga ina tambayar waɗanda ya taɓa bai wa iri. Wani tsoho ya ce, "Ɗana, wanga iri ya gauraye tuni. Na wajen babanka kaɗai at tsantsa."

A hanyar dawowa na tuna wani abu. Mai furar nan takan dama min ludayi biyu kyauta in na kawo mata kaya. Da wannan furar nake haɗiye ƙwayata.

Na tuba, na daina, ina noma da irin kasuwa kamar kowa. Kuka har yau bai zo min ba, ina dai jira. Ku samari, duk wanda ya miƙo muku rabin ƙwaya don ku ga aiki, ku ce a'a, ku gaji, ku kwanta ku huta. Moton an mayar wa mai shi, hukuncina na gama. Amma abin da kakana ya ci anza don ya ajiye, ni na shanye shi a bakin kasuwa, ko ɗanɗanonsa ban ji ba.