Kokon Iya

Har yau in na ji ƙamshin koko, zama ba ya yiwuwa gare ni. Kakata Iya ita ke sayar da koko a ƙauyenmu, can gefen Tsanyawa, ita ce kuma mai tatsuniya. Bayan an ci tuwo mukan kewaye murhunta tana tace gasarar gobe, ƙanena Sale a cinyarta, wai shi ne angonta.

Sai shekarar sanƙarau ta zo. Rumbu wayam, ga zafi, kullum ana fita da makara. Sale ya tashi da zazzaɓi, wuyansa ya sanƙare, Baba ya goya shi a keke sai asibiti. Can ya ji malaman asibiti suna ta maimaita wata kalma, da ya dawo ya ce, "Iya, ni dai koko na ji suna cewa." Kafin la'asar zance ya gama gari, washegari ƙwaryar Iya ta wuni babu mai leƙa ta.

Ran nan da yamma muka zauna kamar kullum. Iya ta kasa zama, ta tura itace, ta janye, ta sake turawa. Da ta ce ga ta nan, da ƙyar muka amsa. Wai wata tsohuwa ce mai ciyar da gari, ranar nan wata 'yar ƙwaya ta faɗa tukunyarta ba ta gani ba, duk wanda ya sha sai ya zama dutse. Ta bi gari tana kiran sunayensu, babu mai amsawa.

Na ce, "Iya, sai aka yi yaya?"

Ta ce, "Ke dai kin cika tsegumi. Tashi ki kwanta."

Ba ta rufe tatsuniyar ba. Sale ya dawo da ransa, amma kunnensa ya tafi. Iya ta kife tukunyar, ko ƙosai ba ta ƙara soyawa ba. In ta kira shi angona bai juyo ba, sai ta shige ɗaki.

Na yi shekaru ina jin haushin tatsuniyar nan, sai da na shiga makarantar koyon aikin lafiya. Malaminmu ya sa muka leƙa madubin gwaji, ya ce duk ƙwayar cutar da take mulmulalliya sunanta kokus, asalin kalmar ma ƙwaya take nufi. Siffar ake fara dubawa kafin a zaɓi magani: masu jeruwa kamar carbi sukan kama maƙogwaro, masu cunkushewa sukan kawo maruru, masu zama biyu-biyu a ruwan ƙashin baya kuwa sanƙarau ke nan. Ta numfashi take yaɗuwa a ɗaki mai cunkoso, babu ruwanta da abinci. Ban jira hutu ba, na nufi tasha.

Na tarar da Iya ta tsufa tukuf. Na durƙusa na ce, "Iya, ba koko suka ce ba, kokus suka ce. Ba ke ba ce."

Ta daɗe tana kallon Sale yana gyara keke a tsakar gida. A lokacin na gane ba tatsuniya ta yi mana ba ran nan, tambaya ta yi, mu kuwa yara ne, ba mu da amsa.

Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "To me kike jira? Jiƙa min gero, angona bai karya ba."