Dogon Lauya da Layin Salatif

Ku da kuka fara aiki da mu kwanan nan kuna ta tambayata dalilin layin salatif mai ruwan ɗorawa da ya raba daɓen sito gida biyu. To, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ja shi ba, domin ranar aikina ya kusa barin hannuna, kuma lauya ne sila.

Sai na fara yi muku bayanin yadda muke a da. Wannan sito na bayan titin Guangyuan, a nan Chana, haɗin gwiwa ne. 'Yan kasuwar Kano da na zangon Kumasi suka haɗu suka kama hayarsa a hannun ɗan Chanan da muke kira Laoban, wato maigida. Aikina in karɓi kaya daga kasuwa, in auna, in rubuta sunan mai shi da tashar da za a sauke a jikin kwali, ko Legas ko Tema ta Ghana, ran lodi kuma in bi mota har tashar jiragen ruwa ta Huangpu a cika kwantena. Ɓangarorin biyu ke haɗa albashina. In aka rabu, ɓangare ɗaya ba zai iya riƙe ni ba, ga shi Laoban yana da wani ɗan ƙanensa da ya daɗe yana harin kujerata.

A shekarar, ana gab da hutun sabuwar shekarar Chana, kowa na rige-rigen fitar da kaya kafin masana'antu su rufe. Kanawa mun fi yawa, kun kuma san halinmu, inda muka ga fili nan muke jibge dila. Bakin ƙofa ya toshe, kayan 'yan Ghana suka maƙale a ƙurya. Dattijonsu, Alhaji Mumuni mai fataucin takalma, ya ce a bar musu gefe ɗaya na ƙofa, in ba haka ba a raba sito kowa ya san nasa. Barazanar dattijo ce kawai. Da an bar ni da amalanke wuni guda, da maganar ta mutu.

Sai Barista Nuhu ya shigo ciki. Haifaffen zangon Kumasi ne, unguwarsu ɗaya da Alhaji Mumuni, Kawu ma yake ce masa. Ya yi karatun lauya a ƙasar Ailan, ya taɓa aikin a gida, daga baya ya gano takalmi ya fi shari'a saurin kawo cefane. Amma ya dawo daga Ailan da wani gwarzo a kansa, wani lauya da ya yi zamani shekara ɗari da wani abu da suka wuce. Hotonsa ne a fuskar wayar Barista: dogo, mai doguwar haɓa, a murtuke kamar bai taɓa jin abin dariya ba. Sunansa ya ƙi zama a bakinmu, sai muka sa masa Dogon Lauya.

Kullum muna cin shinkafa da wake da rana, Barista na ba mu tarihinsa gutsure-gutsure. A birnin Dublin aka haife shi, lokacin Ailan na ƙarƙashin Birtaniya.

"Habu, mutumin nan ya iya tambaya paa!" in ji shi, wato ƙwarai a bakin 'yan Ghana. "Shaida ya shigo kotu da ƙafarsa, a fitar da shi a rirriƙe."

Daga kotu ya faɗa siyasa, ya shiga majalisa a Landan. Yawancin mutanen Ailan na son a ba su majalisarsu su ci gashin kansu, shi kuwa ya kafe a kan ba a rabuwa da Birtaniya. Mutanen arewacin tsibirin, da su ma ba sa son rabuwa, suka ɗauke shi jagora, alhali ba ɗan yankinsu ba ne. Ya tara su suka yi rantsuwa, kowa ya sa hannu.

"To yaya aka ƙare, Yallaɓai?" na tambaye shi.

"Ƙarshe ba shi ne darasi ba. Miƙo yaji."

Da Barista ya ji batun raba sito, sai ya ga ranarsa ce ta zo. Ya ce shi ba ya goyon bayan mutanensa, sito ɗaya ne har abada. Alhaji Ɗanlami, babban Kanawa, ya yi wuf ya naɗa shi kakakinmu. "Ga ɗan gida da kansa ya ce ba a rabuwa," in ji shi, "mu kuma su wa?" Ni kuwa na fi kowa tafa masa, tunda tuwona yake karewa. Ya aro jan tawadar Laoban, wadda ake dangwale da ita a yarjejeniya, ya sa muka dangwala wa rantsuwar haɗin kai. Tawadar nan ba ta fita da wuri. Duk wanda Alhaji Mumuni ya miƙa wa hannu a masallaci sai ya ga jan yatsa.

Ranar Asabar bayan azahar aka yi zaman. Muka jera kwalaye aka zauna, Laoban na tsakiya da gorar shayinsa, ni ina yi masa tafinta. Sai ga Barista cikin baƙar riga har ƙasa, da hular gashi irin ta lauyoyi. Gashin kanti ne na mata, mai furfura, ya saya a kasuwa ya kai wa tela ya datse. Laoban ya tambaye ni ko mutumin nan lafiyarsa ƙalau. Na ce al'ada ce.

"Mai ba da shaida," in ji Barista, "faɗa wa wannan zama sunanka."

Alhaji Mumuni ya dube shi tun daga takalmi har gashi. "Nuhu, ni na yanka ragon sunanka. Yau kai ke tambayar nawa?"

"Amsa kawai ake so. Ka ce babu fili a sito?"

"Babu."

"Kwalayen can da suka tare ƙurya tun bara, na wane ne?"

"Nawa ne."

"Me ya hana a tura su Tema?"

Daga ni sai Barista muka san abin da ke cikin kwalayen. Wani shago ne zai rufe, Alhaji ya kwashe kayansa cikin araha bai buɗe ba. Ashe takalman gwaji ne da ake jerawa a kanta.

"Bari in taimaka maka," in ji Barista. Ya farke kwali ɗaya, ya ɗaga takalmi sama. "Ƙafar hagu! Wannan ma hagu! Jama'a, duk hagu ne! Mai kukan fili, shi ya cinye fili!"

Sito ya kaure da dariya, har Laoban da bai jira fassara ba. Barista ya gyara gashi yana jiran jinjina. Ya ci shari'a, babu ko tantama.

Alhaji Mumuni ya miƙe a hankali, ya kaɗe rigarsa. "Ka ci, lauya. Da gefen ƙofa na zo nema. Yanzu kuwa sai an raba, ko da a kan titi zan ajiye kayana." Ya dubi Laoban ya sara hannu a iska. Mutanensa suka miƙe bayansa, hayaniya ta tashi.

"Mafan, mafan!" in ji Laoban, wato fitina ta ishe shi. Ya ɗauko salatif a teburina, ya duƙa, ya ja layi daga bango zuwa bango. Ya ce abin da aka rubuta a kwali shi ne hukunci: Legas nan, Tema can. Ƙofa ta faɗa wa Kanawa. Sikeli da banɗaki da wurin alwala suka faɗa wa 'yan Ghana. Kayan Barista kuwa duk Tema na rubuta musu, don can yake kaiwa. Leburori suka kwashe su zuwa ɓangaren Kawu, har da kujerarsa.

Alhaji Ɗanlami ya ga ƙofa ta zama tamu ɗungurungum. "Ai hakan ma ya yi," ya ce, yana murza jan yatsansa a jikin dila. "Allah ya saka da alheri, Barista." Laoban kuma ya raɗa mini cewa bayan hutu ɗan ƙanensa zai fara zuwa. Na tuna iyalina a Fagge.

Bayan la'asar na tarar da Barista zaune a kan kwali, gashin a gwiwarsa. Kanawa sun watse, 'yan Ghana ba mai yi masa magana.

"Yallaɓai, yau dai sai ka gaya mini yadda Dogon Lauya ya ƙare."

Ya ja numfashi. "An raba tsibirin gida biyu, Habu. Arewa ta zauna da Birtaniya. Garinsu kuma ya faɗa ɓangaren da ya fita. A Ingila ya ƙare, yana alƙalanci, yana ƙorafin an yi amfani da shi."

"Kuma ka san haka tun farko?"

"Na sani. Na ɗauka shi ne bai iya ba."

Haushi ya kama ni kamar in ƙwace gashin in jefa a kwata. Da na dubi fuskarsa kuma sai tausayi ya rinjaya, na zuba masa shayi.

Ran Litinin Allah ya rufa mini asiri. Kanawa na son sikeli, 'yan Ghana na son ƙofa, girman kai ya hana kowa tsallaka layi. Ba ka jin komai sai "Habu!" ta nan, "Habu!" ta can. Da Laoban ya kawo zancen ɗan ƙanensa, Alhaji Mumuni ya ce ba mai taɓa masa kwali sai wanda ya riƙe masa sirri shekara guda. Alhaji Ɗanlami ya ce shi ma sai Habu. Abu ɗaya ke nan da suka yarda a kai. Na tsira da aikina, sai dai ɗawainiya ta ninka, albashi na nan inda yake.

Barista ya shafe makonni bayan hutu yana bin masana'antu har ya samo wa takalman nan ƙafar dama. Ya je ya durƙusa gaban Kawu, kansa ba hular gashin. Kawu ya yafe, amma da sharaɗi.

Abin da na koya shi ne, rigimar sito da amalanke ake kashe ta. Ɗan kasuwa yakan haƙura da asara, amma ba ya manta ranar da aka yi masa dariya a gaban jama'a. Kuma duk wanda ya zo muku da labarin gwarzo, ku ji ƙarshensa kafin ku dangwala yatsa. Sharaɗin Kawu kuwa kun sha gani ba ku gane ba. "Kai ka jawo layin nan," ya ce masa, "kai za ka riƙa gyara shi." Dattijon da kuke gani a duƙe yana liƙa sabon salatif duk sanda tsohon ya ɓare, ku gaishe shi da kyau. Barista ne.