Kacalar Bakin Ngadda

Wata ranar Juma'a a ƙarshen damina, a shekarar da aka katse layukan waya a Maiduguri, na tarar da kakata Ya Falmata tsaye cikin ruwa har gwiwa tana hana mutane yankan kacala. Kacala ita ce doguwar ciyawar nan mai kai kamar zangarniyar gero, wadda ta rufe fadamar bakin kogin Ngadda a bayan unguwarmu ta Galtimari. Tun kafin a haife ni bulama, wato mai unguwa, ya hana yankanta sai rani ya kankama, kuma kakata, da yake saƙar tabarma ce sana'arta, ta fi kowa tsare wannan doka.

Can muke yini idan mun gama wanke-wanke. Ruwa yakan gangaro jajir da dattin gari, ya ratsa kacalar ya fito garau, har muna hango 'ya'yan tarwaɗa suna wasa a gindinta. Balbelu na sheƙa a ciki, mu kuma muna fasa kawunan ciyawar muna hura wa juna audugar a gashi. Kakata takan ce, "Ita ke tare mana kogi kafin ya iso ƙofa."

Waɗanda ta tare ran nan 'yan gudun hijira ne da aka ƙone wa ƙauye, suna neman abin rufin bukka. Wata mai goyo ta ce, "Iya, to a ina zan kwantar da wannan?" Kakata ta daɗe tana kallon jaririn. Sai ta karɓi laujen da ke hannun matar, ta nuna musu yadda za su yanka daga sama su bar saiwar.

Amma mutane ba su daina zuwa ba, har bulama ya gaji da magana. Daga baya aka cinna wa ragowar kacalar wuta don kada 'yan bindiga su ɓuya a ciki, motoci suka zuba yashi, aka yanka filaye. Da damina ta zagayo, ruwa ya shigo tsakar gidanmu ya ci ɗakin kakata. Kawuna ya ɗauke ta zuwa unguwar Bolori, inda ta rasu ba ta sake saƙa ba.

Yanzu 'ya'yana toshe hanci suke yi idan mun bi ta wurin a keke napep, ba su yarda an taɓa shan ruwan nan ba. Na rasa wanda zan ɗora wa laifi, kuma wannan ya fi komai gajiyar da ni.