Zaren da Ke Cikin Ƙwayar Halitta

Har yau ban manta da ranar da na je neman aiki a wata masaƙa da ke Sharaɗa ba, a farkon shekarun 1980, ina sabon kammala digiri a kimiyyar sinadaran jiki. Manajan ma'aikata, Alhaji Sabo, ya tambaye ni abin da na yi bincike a kai.

Na gyara zama na ce, "Ranka ya daɗe, a cikin kowace ƙwayar halitta akwai zaren gado mai tsawon gaske. Jiki yana naɗe shi a kan wasu furotin, kamar zare a jikin kwarkwaro. Idan wani ɗan sinadari ya manne wa furotin ɗin, sai naɗin ya saki, a karanta abin da ke ciki. Idan ya fita, sai naɗin ya tsuke."

Cikin duk bayanin nan kalma uku Alhaji ya ji: zare da naɗi da sinadari. Washegari na zama sufabaiza a sashen naɗin zare, ni da ban taɓa ganin injin naɗin ba.

Da zafin bazara ya kankama, zare ya dinga tsinkewa. Aiki ya tsaya, aka fara maganar sallamar ma'aikatan dare, yawancinsu magidanta daga Kumbotso. Alhaji ya kira ni ofis.

"Malam Habu, kawo sinadarin nan naka."

"Alhaji, wancan a cikin jiki yake aiki. Auduga ba ruwanta da shi."

"To me muka ɗauke ka ka yi mana?"

Na yi sati ina bin injuna, har na lura na'urar da ke fesa danshi a ɗakin ta daɗe da mutuwa, kuma busasshiyar auduga ba ta jure ja. Na kai rahoto, aka gyara, zare ya daina tsinkewa. Ba a sallami kowa ba.

A taron manajoji Alhaji ya sanar cewa na zuba wani sinadarin sirri na jami'a. Na miƙe na ce ruwan famfo ne. Ya yi murmushi ya ce, "Kun ga masana, ba sa sakin sirrinsu." Aka ƙara mini girma.

Ku da kuka shigo aiki yanzu, ku riƙe wannan. Ku faɗi gaskiya ga na gaba da ku, amma ku sani abin da ya ji shi za a rubuta. Furotin dai ban sake yi wa kowa bayaninsa ba har na yi ritaya.