Muryar da Ta Saki Ƙanwata

Ni mutum ne mai son a ce na sani. Na daɗe ina mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, a Matameye, kuma aikin nan yana ɓata mutum. Ka saba tsayawa gaban yara kana zuba ba mai katse ka, sai ka fito waje ka ɗauka duk garin ajinka ne. Wannan halin nawa shi ya ja wa ƙanwata abin da zan ba da labari, shi ya sa na fara da shi.

Da damina ne, muna hutun lakwal, mazan da suka tafi cin rani Najeriya duk sun dawo noma. Bayan la'asar mukan taru a fadarmu, gindin wata darbejiya, ana dafa shayi ana musu. Ran nan na zo da wata manhaja a wayata, irin abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira a rediyo. Ka ba ta muryar mutum kaɗan, ka rubuta abin da kake so, sai ta faɗa da muryarsa. Akwai wani dattijo mai sayar da rake a cikinmu wanda bai taɓa taka ƙofar lakwal ba. Na ɗauki muryarsa bai sani ba, yana ta yi wa wata akuya faɗa, na sa shi ya yi Faransanci tiryan-tiryan kamar ɗan Yamai. Fada ta kece da dariya har mai dafa shayi ya kifar da buta. Dattijon kuwa bai yi dariya ba. Ya yi salati, ya ce in goge, shi bai yarda muryarsa ta kwana a aljihun wani ba. Na ce masa to, amma ban goge ba.

Mijin ƙanwata yana zaune a wurin. Ya sa na sake kunnawa har sau uku, sannan ya ce, "Mushe, yanzu ko iyalin mutum ba su iya ganewa?"

Na ce, "Ko uwar da ta haife shi."

Ban gwada ba, ban kuma karanta haka a ko'ina ba. Cika baki ne kawai, don in ga an kaɗa kai.

Shi mijin nata tela ne. Da an gama girbi sai ya tafi Legas, ya saɓa keken ɗinki a kafaɗa yana bin lunguna, yana kaɗa almakashi don masu yagaggen kaya su ji su fito. Kaɗa almakashin nan ya bi masa jiki, ko a gida in ransa ya ɓaci sai ka ji ƙyas-ƙyas a hannunsa. Ba zan ce mugu ne ba, yana ciyar da iyalinsa, yana girmama Innarmu. Amma bakinsa yana riga hankalinsa. Sau biyu ya saki ƙanwata cikin fushi, sau biyu ya zo yana nadama aka mayar. 'Ya'yansu uku, igiyar aure kuma saura ɗaya, kowa a dangi ya san haka.

Ƙanwata ba ta karatu, don haka in ya tafi da saƙon murya suke magana. A ranin shekarar nan gwaggonmu ta rasu a Dungu. Ta yi ta neman sa don ta nemi izini, waya ba ta shiga, sai ta bi Inna suka tafi, suka yi kwana uku. Labarin ya riga ta isa Legas ta bakin wani. Kwana biyu da dawowarta, bayan azahar, ta shigo gidanmu da wayar a ƙulle cikin gefen mayafi, ta miƙo mini.

Na kunna. Daga lambarsa saƙon ya fito, muryarsa ce kuma. Ya ce, "Tunda kin zama mai kanki, kina fita yadda kika ga dama, to ki je. Na sake ki." Tsakanin maganar ana jin almakashi, ƙyas-ƙyas, ana jin numfashinsa yana fita da ƙarfi.

Ta kwaso yara ta dawo ɗakin Inna ta fara idda. Makon farko kuka ta yi ta yi. Daga baya sai na ga abin da na manta tana da shi: na dawo daga lakwal na same ta tana gyaran zogale, tana yi wa Inna tsiya, tana dariya har da buga cinya. Ta ce mini ita dai Allah ya yanke, ba ta so ba, amma ta huta da zaman ɗar-ɗar. Na ji daɗi a raina, ba zan ɓoye ba.

Tun kafin hadari ya fara haɗuwa sai ga shi ya dawo, ya riga duk abokan tafiyarsa. Ya zo zaurenmu da kawunsa, ya durƙusa, idonsa ja. Tunda mahaifinmu ya rasu ni ne waliyyinta, ni aka kira.

Ya ce, "Mushe, wallahi ba ni ba ne. Akwai waɗanda muke kwana ɗaki ɗaya da su, mun yi rigima. Na shiga wanka na bar salula, su suka haɗa abin. Injin nan ne, wanda ka gwada mana a fada."

Akwai butar alwala kusa da ƙafata, na dube ta na dube shi, da ƙyar na hana kaina jifansa da ita. Na ce in haka ne me ya hana shi kira tun a ranar? Ya ce an goge saƙon daga wajensa, ya yi ta kira ba ta ɗauka, sai da labari ya je masa ya gane. Gaskiya ne ba ta ɗauka, ni ma na hana ta.

Washegari da hantsi muka je wurin Malamin unguwarmu, wanda shi ya ɗaura auren tun farko. Tsoho ne, ba ya gaggawa a komai. Ƙanwata ta zauna a bakin ƙofar cikin gida inda za a ji ta. Malam ya kara wayar a kunne ya saurara sau uku. Ya tambaye ta ko tana da shaidar da ta gan shi yana faɗa.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, yana Legas ina nan, wa zai gani? Amma shi ne. Na san numfashinsa in ya yi fushi. Ga almakashinsa nan ma ana ji."

Malam ya tambayi mijin, ya maimaita abin da ya faɗa mana, ya ƙara da labarin mai rake. Malam ya ce yana son ya ji. Da na goge abin nan tun ranar da dattijon ya roƙe ni, da sai dai a yi ta faɗa da baki. Amma yana nan. Na kunna, mai rake ya yi Faransancinsa a zauren Malam, ba wanda ya yi ko murmushi.

Malam ya juyo gare ni. "Mushe, ba na tambayar ka ko shi ya faɗa, don ba ka wurin. Abin nan yana iya yin muryar mutum ta faɗi abin da bai faɗa ba?"

Na ce, "Yana iyawa, Allah gafarta Malam."

"Har da ƙarar almakashi?"

Na ji ƙanwata ta gyara zama a bayan ƙofa. Na so in ce a'a, bakina har ya ɗauko. Amma a zauren da ake karatu ne, kuma na san ana iya ɗora kowace irin ƙara a kan magana. Na ce, "Ana iya sa ta."

Aka ba mijin ruwa ya yi alwala, aka ɗauko Alƙur'ani ya dafa, ya rantse bai furta ba, bai kuma sa kowa ya furta ba. Hannunsa na zuba wa ido, ko rawa bai yi ba. Malam ya ce a da in an kawo masa murya ya san akwai mai ita, yanzu kuwa an ce masa murya tana iya zuwa ba mai ita. Ba shaidu, miji ya yi rantsuwa, don haka a zahiri aure yana nan. Abin da ke ɓoye kuma, shi bai isa ya gani ba.

Ƙanwata ta ce, "To Malam, in shi ne fa? Zaman me zan yi?"

Malam ya ce in ta tabbata a ranta, tana iya neman ta fanshi kanta. Ta nema a nan take. Mijin ya fashe da kuka, ya ce shi bai saki matarsa ba, ba kuma zai sake ta ba.

Ban zauna ba. Ina da aboki da ya karanta shari'a a Yamai, na kira shi. Ya ce akwai masu binciken irin wannan, amma su ma iyakarsu su ce wataƙila. Ya ce bai san wata doka a wajenmu da ta tilasta wa masu ƙera abin su sa masa alama ba. Su suna can bayan teku, waɗanda ake zargi suna Legas, wadda aka cuta tana Matameye, wane alƙali zai tara su? Raina ya ɓaci ƙwarai. A garinmu ko akuya ana tsaga mata kunne don a san mai ita, amma an saki abin da ke ɗaukar muryar mutum ya shiga gidajen mutane ba alama, ba mai amsa tambaya. Na zauna na rubuta wa masu manhajar doguwar wasiƙa da Faransancin da nake taƙama da shi. Kafin in ajiye wayar amsa ta dawo. Injin ne da kansa ya amsa, yana yi mini godiya.

Sai na yi wani abin da har yau nake jin kunyarsa. Na karɓi wayarta, na kwashi tsofaffin saƙonninsa, na ba manhajar, na sa ta faɗi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, na ɗora ƙarar almakashin Inna. Na kunna wa Inna guda biyun, ta kasa bambancewa. Na kira ƙanwata na ce ta saurara. Tana jin nawa ta girgiza kai.

"Wannan ba shi ba ne. Ba haka yake jan numfashi ba."

Na yi tsalle na miƙe, na ce shi ke nan, mun samu. Ita ba ta motsa ba. Ta ce, "Yaya, sau nawa za a sake ni?"

Na kai wa Malam maganar duk da haka. Ya saurare ni har na gama, ya ce kunnen mai ƙara ba ya zama shaida a kan ƙararta, kuma wa ya sani ko injin waɗancan 'yan ɗakin nasa ya fi nawa iyawa? Na tashi na koma gida. Ni kaina na saurari saƙon nan ya fi a ƙirga. Wata rana in ji shi ne ba shakka, wata rana in ji kamar akwai wani abu a muryar da bai zauna ba. Mai yiwuwa ne mutumin nan gaskiya ya faɗa, ni nake ta tsanarsa a banza. Wannan ma yana ci mini rai.

Daga nan dangi suka taso. Kawunsa ya yi ta zarya, gwaggonni suka ce ta dubi yara, Inna ta ce mutum ya dafa Alƙur'ani, me kuma ake nema? In ƙarya ya yi, alhakin yana wuyansa. Aka juyo gare ni, tunda ni ne waliyyi kuma ni ne masanin injin. Na ce ta koma. Ranar da aka yi ruwan shuka ta ɗaure kayanta a zane, na ɗauka mata har ƙofar gidan mijinta.

Tun daga lokacin ba ta buɗe saƙon murya, ko nawa. In ina da magana sai in taka in je. Tana girki, tana wanki, tana gaishe ni da ladabi, amma dariyar nan da na gani a tsakar gidanmu ban sake gani ba. Mijin ya yi laushi, ko almakashi ya daina kaɗawa a gida. Ban sani ba ko tsoron Allah ne ko tsoron bakinsa. Ni kuma na daina zuwa fada da waya. Na goge muryar mai rake, na je na gaya masa, ya ce ai tuni ya manta.

Da bazarar da ta biyo ta haifi namiji. Ranar suna da safe, bayan an yi addu'a an shafa, aka ce maijego tana kira na. Na shiga ɗakin, matan da ke ciki suka fita suka ba mu wuri. Ta rame, tana zaune a bakin gado. Ta ɗora mini jaririn a hannu, an yi masa aski, yana barci, kamarsa ɗaya da ubansa. Na fara yi mata barka, ta katse ni, muryarta ƙasa-ƙasa don kada a ji a waje.

"Yaya, kai da ka san komai. Yaron nan ɗan halas ne?"

Ta taga ina hango ubansa cikin sabuwar riga yana raba goro, ana yi masa Allah ya raya. Na mayar da idona kan jaririn. Ta jira ni, ta daɗe tana jira. Sannan ta miƙo hannu ta karɓi ɗanta.